Bakina ne ya raba shi da tanderu

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa, ko Allah zai sa wani mai irin halina ya tsaya ya yi tunani. Lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da biyu. Ɗan Kano ne ni, amma a Makka na yi wayo. Ummata ce ta zo da ni Umra ina ƙarami bayan babana ya rasu, muka zauna, ba mu koma ba. Iƙama, wato takardar izinin zama, babu, daga ni har ita. Ɗaki ɗaya muke haya a Ka'akiyya, da tana dafa abinci tana sayar wa 'yan uwanmu, sai ciwon ƙafa ya zaunar da ita, nauyin gida ya dawo kaina. Makaranta ban yi ta kirki ba, don inda babu takarda babu shiga. Duk abin da na sani a waya na koya. Kuma ni mutum ne da in na san sabon abu sai ya dinga yi min ƙaiƙayi a baki har sai na faɗa wa wani. Tarihin Andalus, yadda jirgin sama ke tashi, abin da ya sa ruwan teku ke da gishiri, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha. Umma takan ce Allah ya ba ta rediyon da ba shi da wurin kashewa.

Aiki na samu a wani gidan abinci na 'yan Pakistan a Misfala, inda alhazansu da leburorinsu ke cika. Tunda ba ni da takarda, a baya aka ajiye ni: wanke tukwane, ɗaukar buhun fulawa, in an ce masu bincike sun shigo layin in bi ta ƙofar baya in ɓace. A nan na haɗu da mutumin da nake so in ba ku labarinsa. Dattijo ne daga Punjab, zai kai hamsin, gajere, babu gashi ko ɗaya a hannunsa saboda wuta ta cinye. Shi ke gasa roti, kowa Mu'allim yake ce masa. Rotin nan fa gurasa ce kawai irin tamu ta Kano, sai dai ta fi faɗi kuma ba ta da kauri, a jikin tanderu ake manna ta kamar yadda matanmu ke yi. Ranar da na ce masa mu ma muna da wannan a garinmu, dariya ya yi ta yi, ya ce ƙarya nake, Hausawi ina ya san tanderu. Sai da na nemo hoto a waya na nuna masa. Tun daga ranar ya ja ni jikinsa. Ya koya min kwaɓi, ya koya min yadda ake barin ƙullu ya huta, yadda ake shimfiɗa shi a kan ɗan matashin ƙyalle a sunkuya a manna shi a jikin tanderu ba tare da hannu ya ƙone ba. Rotina na farko ya ɗaga shi sama ya nuna wa kowa, ya ce ga silifas ɗin wani alhaji an tsinta a ƙofar Harami, mai shi ya zo ya karɓa. Da gurɓataccen Larabci muke magana, ina tsintar Urdu a bakinsa, yana tsintar "sannu" da "ina gajiya" a bakina. Shekararsa huɗu a gaban tanderun nan, kuma mutane daga Utaibiyya suke takowa saboda rotinsa.

Wata rana bayan la'asar, kasuwa ta lafa, muna zaune a kan buhunan fulawa muna shan shayi, sai ya tambaye ni sana'ar babana. Na ce mahauci ne, kakana ma haka. Har na ba shi labarin ƙanin babana da ya nemi aure aka hana shi, wai ba sa ba wa ɗan mahauta 'ya, amma da yamma uban yarinyar ne na farko a layin tsirensa. Ni abin dariya na ɗauke shi. Mu'allim bai yi dariya ba. Ya tambaye ni, yanzu suna cin abin da ya taɓa da hannunsa? Na ce to wa zai yanka musu in ba shi ba? Ya juya kofinsa, ya ce ai ku kun ji daɗi. Daga nan ya gaya min abin da na tabbata bai taɓa gaya wa kowa ba a ƙasar nan. Ya ce su a ƙauyensu gidan masu kwasar bayan gida ne. Babansa ya kwasa, kakansa ya kwasa. Kakannin sun musulunta tun da daɗewa, suna salla suna azumi, amma unguwarsu tana can bayan gari. Ya ce a makaranta kofinsa daban ne, a rataye a jikin bishiya. In babarsa ta je aiki gidan masu gona, daga sama ake sako mata roti a mayafi don kar hannu ya taɓa hannu. Ya ce yana saurayi ya gudu birni inda ba a san shi ba, ya koyi gashi, daga can ya samu hanyar Makka. Bai ce min kar in faɗa wa kowa ba. Yanzu na gane, bai taɓa zaton akwai mutumin da sai an gaya masa haka ba.

Ni kuwa me na yi? Waya na ɗauka. Sati uku ba ni da aiki sai karatu da kallon bidiyo a kan wannan abu. Wallahi Edita abin da na gano ya ɗaure min kai. Ashe a can Indiya da Pakistan da maƙwabtansu, tun zamanin da, mutum da matsayinsa ake haifarsa, suna kiran abin zat. Akwai gidan malaman addini a sama, akwai na mayaƙa, na 'yan kasuwa, na masu hidima, sannan akwai waɗanda ko lissafin ba a sa su ciki ba, masu kwasar ƙazanta da masu jima, waɗanda ake ganin taɓa su ma ƙazanta ne. Da yawansu sun bar addinin Hindu, wasu sun musulunta, wasu sun zama Kirista, don su tsira, amma ƙyamar ta bi su har cikin sabon addinin. A cikin Musulmin ma sai aka samu masu cewa su jikokin Larabawa ne ko Farisawa ko sharifai, su ne a sama, sai masu sana'ar hannu, sai irin su Mu'allim a can ƙasa. Na karanta yadda mutane da yawa a can suka yi ta yaƙi da abin, malamai da 'yan boko, har dokoki aka yi. Kaina ya cika fal, bakina yana ta motsi. Kuma kuskuren da na yi tun daga tushe shi ne, duk da abin da na karanta, a zuciyata na ajiye shi kusa da namu. A wurinmu ana tsokanar mahauci, ana tsokanar wanzami da maƙeri, a wajen aure ne abin ke yin tsami, amma kwano ɗaya ake ci. Na ɗauka nasu ma a Makka iyakarsa ke nan, abin tsokana.

Ranar da abin ya faru, mun gama cinkoson azahar, an shimfiɗa leda a ƙasa mun zauna cin abinci mu wajen goma. Babban kukunmu shi ma ɗan Punjab ne, gidan masu gona, mai gemu da lalle, kullum da carbi, shi ya kawo rabin ma'aikatan daga yankinsu. Hira ta kai kan Hindu, sai ya fara yi musu dariya, wai mutanen da ke raba ɗan Adam gida-gida, wani ba ya shan ruwan wani. Ya ce alhamdu lillahi mu Musulunci ya wanke mu daga wannan. Ni kuwa kamar an taɓa min inda ke ƙaiƙayi. Na ce Hajji, ai ku ma kuna da shi. Na fara zubo abin da na karanta, ina lissafa sunayen gidaje da Urdun da na tsinta, suna ta mamaki suna dariya, wani yana cewa ku ji Hausawi ya zama farfesa. Daɗi ya kama ni. Kuku ya ce duk ƙaryar intanet ce, yaro, je ka wanke tukunya, in da gaske ne kawo mutum ɗaya da aka yi wa haka. Sai na nuna Mu'allim. Na ce ga shi nan a zaune. Babansa bayan gida yake kwasa, a makaranta kofinsa a bishiya ake rataye shi, amma yau ga shi duk rotinsa muke ci, kuma duk cikinmu babu wanda ya kai shi tsafta da riƙon salla. Wallahi tallahi yabo na yi niyya. Har ina jiran ya gyaɗa kai.

 Kuku yana riƙe da gutsuren roti zai kai baki, sai ya mayar da shi kan leda a hankali. Ya tambayi Mu'allim da yarensu sunan ƙauyensu da sunan gidansu. Mu'allim bai ɗago ba, ya amsa da murya ƙasa-ƙasa. Mutum uku suka tashi suka je famfo suna kurkure baki. Ni ina zaune da murmushina bai gama sauka daga fuskata ba. Mu'allim ya tattara kwanonsa ya fita, ko kallona bai yi ba.

Washegari na tarar da kofi na biyu a gefen kular ruwa, an naɗe masa jan salatif. Kwana biyu bayan haka mudir, wato manajan wurin, ya kira Mu'allim ofis. Shi ma ɗan ƙasarsu ne. Abin da na ji daga baya, kuku ya ce ko a ɗauke shi daga kan fulawa ko shi da mutanensa su koma wani gidan abincin, ga aikin Hajji ya matso, kuma maganar ta riga ta fita layi, wasu masu saye sun fara tambaya wa ke gashi. Mudir ya ce shi ba ruwansa da zat, ɗan kasuwa ne. Aka karɓi farar rigar gashi daga hannun Mu'allim, aka ba shi bokiti da burushi. Banɗakunan baƙi guda huɗu, da shara, da kwatar bayan kicin. Aikin da ya tsallake teku don ya guje masa, shi na mayar da shi ciki, a Makka, tafiyar minti goma sha biyar daga Ka'aba. Tafiya kuma ba ta yiwuwa, fasfonsa yana hannun kafili, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, saura wata goma sha ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, ga 'ya'ya a gida suna makaranta.

Abin da ya fi kashe ni shi ne wanda aka sa a gurbinsa. Ni ne. Babu wanda ya iya gashi a wurin sai ni da ya koya wa. Baƙin takari mara takarda, ɗan mahauci, za su ci daga hannuna, amma ba za su ci daga hannun ɗan garinsu da suke sahu ɗaya da shi a masallaci ba. Na ce wa mudir ba zan yi ba. Ya dube ni ya ce ya Hausawi, shekara biyu ina ɓoye ka, jawazat masu binciken takardu kuma suna wucewa ta layin nan kullum, ka je ka yi tunani kai da tsohuwarka. Bai ɗaga murya ba.  Wanda ba shi da iƙama ba shi da wurin kai ƙara, ba shi da bakin cewa a'a. In aka kama ni aka tusa ƙeyata Najeriya, wa zai kai wa Umma ko ruwan sha? Da asuba na ɗaura farar rigarsa, har da ƙonuwar da ke gefen aljihun.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, kuma duk irin gyaran mai surutu ne. Na samu kuku da ayoyi da hadisai a waya, na karanta masa cewa babu fifiko sai da taƙawa. Ya ce sadaƙallahul azim, ai shi bai musa ba, a masallaci kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa, amma ciki ba ya jin wa'azi, zuciyarsa ce ba ta karɓa, haka ya taso. Ya ce kai da ka san wannan duka, me ya sa ba ka yi shiru ba, da yanzu muna cin rotinmu lafiya. Wannan maganar ta zauna min a ƙirji, duk da mugun mutum ne ya faɗe ta. Na je wurin wani malami ɗan ƙasarsu da ke karantarwa a masallacin layinmu. Ransa ya ɓaci sosai, ya zo da kansa ya yi musu faɗa, ya ɗauki kofin mai jan salatif ya sha ruwa a gabansu. Suka ba shi haƙuri, suka raka shi har bakin titi. Kofin ya ɓace kwana uku ya dawo. Kar ku ce duka haka suke, akwai masu kai abinci biyu da ba su daina zama da shi ba. Amma tanderu bai dawo hannunsa ba.

Sati biyu ba ya yi min magana. Ina gashi, ina jin ƙarar bokitinsa a bayana. Rannan ya zo wucewa da shara, ya tsaya daga nesa, don an hana shi matsowa kusa da fulawa, ya ce wutarka ta yi yawa, Hausawi, za ka ƙona na mutane. Na saki abin da ke hannuna na fashe da kuka. Na ce zan bar aikin ko me zai faru. Ya ce in ka bari wani za su kawo daga ƙauyen kuku, ni kuma ina nan a banɗaki, me aka ƙaru? Tsaya ka riƙe uwarka. Sannan ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce duk Juma'a yakan kira gida ta bidiyo yana tsaye a gaban tanderu, 'ya'yansa suna nuna wa ƙawayensu babansu mai gasa wa alhazai roti. Bai gaya musu abin da ya faru ba. To duk Juma'a in an sauko daga masallaci, kafin su kuku su dawo, sai in tuɓe rigar in ba shi, in tsaya a bakin ƙofa ina gadi. Minti biyar. Ina jin sa yana dariya, yana ɗaga roti yana nuna musu, rotin da ni na gasa. In na hango su tafe sai in yi tari, ya tuɓe ya miƙo min ya ɗauki bokitinsa. Haka muka yi wata goma. Ban taɓa sanin akwai abin da ya kai minti biyar ɗin nan tsawo ba.

Da kwantiraginsa ya ƙare bai nemi sabuntawa ba. Ranar tafiyarsa na ɗaukar masa jaka har inda mota ke jira. Na ce Mu'allim ka yafe min don Allah. Ya ce ya yafe tun ranar, ya san ba mugunta ba ce, yarinta ce da ɗokin sani. Ya ce amma bari in gaya maka, a ƙauyenmu kowa ya san ni tun kafin a haife ni. A duk rayuwata shekara huɗun nan ne kawai aka kira ni Mu'allim saboda aikin hannuna. Na tambaye shi ko zai buɗe tanderu a gida. Ya ce wa zai saya? Zai kwashi iyalinsa su tafi wani birni mai nisa inda babu wanda ya san su, ya sake farawa, kuma wannan karon ko aboki ba zai gaya wa ba. Ya dafa kaina, ya ce in gaida Umma, ya shiga mota.

Har yau ina gaban tanderun nan, don ba ni da inda zan je. Ban daina karatu ba, kuma ba zan ce wa kowa ya daina ba. Amma na gane sanin abu a waya daban, sanin nauyinsa a kan wanda ke ɗauke da shi daban. Na karanta tarihin zat kaf, na haddace sunayen gidaje, ban fahimci abu mafi sauƙi ba: mutumin da ya ɓoye asalinsa shekara talatin yana da dalili. Na auna nasu da ma'aunin namu, alhali ko namun ma, da na tambayi ƙanin babana, ban jin zai ce abin dariya ne. 'Yan uwana matasa, musamman mu da ke zaune cikin baƙi a ƙasar nan, in mutum ya buɗe muku cikinsa amana ce, ko bai ce amana ba ce. In gardama ta yi zafi kuna neman misali, kar ku ɗauko mutumin da ke zaune a gefenku, ko da yabonsa za ku yi. Ranar nan ni na ci gardama, amma wani ne ya koma banɗaki. Ku taya ni roƙa masa Allah ya ba shi tanderu a inda ya sauka. Lambar da ya bar min ta daina shiga tun wata na biyu, kuma ban nemi wata ba. Ya ce zai je inda babu wanda ya san shi, ni kuwa na san shi.